Gyaran Giyar Babur Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk lokacin da giyar babur ta fara gardama, maganar farko da mai babur yake ji ita ce sai an fasa inji. Ga wanda kuɗinsa ƙididdigaggu ne wannan magana tana da nauyi ƙwarai, domin fasa inji yana jawo ladan aiki, da sababbin gasket, wato siraran shimfiɗun da ake sawa tsakanin sassan inji don hana yoyo, da sabon baƙin mai, da kwanakin da babur zai yi a ajiye ba ya kai mai shi ko'ina. Abin da na fahimta a tsawon lokacin da na ɗauka ina kula da babura da hannuna shi ne, kaso mai yawa na abin da ake kira lalacewar giya ba a cikin akwatin giyar yake ba, kuma ko da a ciki yake, yawancin asarar tana zuwa ne daga sayen kaya kafin a gano ainihin ciwon. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da halin yin gyara ɗaya sau biyu. Saboda haka abin da zai kare masa aljihu shi ne ya bi bincike daga waje zuwa ciki, ya fara da abin da ba ya cin komai sai lokaci, kuma kada ya kwance noti ko ɗaya na cikin inji sai ya kore duk wani zato da ke waje.

Wanda bai san lafiyayyen tsari ba, da wuya ya gane inda ya karkace. A yawancin babura masu giyar ƙafa akwai sanduna biyu a kwance kusa da juna a cikin inji. Ta farko tana karɓar juyi daga kuloci, ta biyu kuma ita ce ta leƙo waje tana ɗauke da ƙaramin faifan sarƙa. A kan kowace sanda an jera faya-fayan giya, kuma haƙoran kowane faifai a sarƙe suke da na abokinsa na ɗaya sandar a kowane lokaci, ko ana tafiya a wannan giyar ko ba a yi. Idan aka taka feda, wani faifai ne yake zamewa gefe, sai wasu gajerun haƙora masu kauri da ke fuskarsa su faɗa cikin ramukan da ke jikin maƙwabcinsa, su ƙulle shi da sanda. Cokula masu yatsu biyu ne suke tura faya-fayan, su kuma cokulan wata ganga ce mai sassaƙaƙƙun hanyoyi a jikinta take jan su, ganga kuwa ƙafar mai tuƙi ce take juya ta mataki-mataki. Wannan ne dalilin da ya sa dole a bi giyoyin babur a jere, kuma shi ne dalilin da ya sa haƙoran gefen nan, ba manyan haƙoran da ido yake fara gani ba, su ne suka fi saurin cinyewa.

Bincike yana farawa ne da tambayoyi, kuma ina ganin ya kamata mai babur ya amsa su da kansa kafin ya kai wa kowa. A wace giya matsalar take, ɗaya ce ko dukkansu? Tana bayyana ne inji na sanyi ko sai ya ɗauki zafi? Sai an murɗa totur da ƙarfi take fitowa, ko ko a tafiyar sannu ma tana nan? Bayan haka akwai gwaji guda da nake fifitawa a kan saura. A ɗora babur a kan ƙafar tsakiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa, a bar inji a kashe, a riƙa juya tayar bayan, a kai ta gaba a dawo da ita baya, da hannu ɗaya ana sa giya da ɗaya hannun tun daga ta farko har ta ƙarshe, sannan a dawo. Idan duk sun shiga lafiya inji na kashe, amma da an tayar da shi sai su yi tauri, ko a yi ta neman firi, wato inda babu giyar da ta shiga, a rasa, ko babur ya riƙa rarrafawa alhali an matse hannun kuloci, to kusan ko da yaushe kuloci ne bai saki sosai ba. Idan inji yana ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba, musamman a babbar giya a kan hawa, kuloci ne yake zamewa. Idan feda ta yi laƙwas ta daina komawa tsakiya, sifirin ɗin da ke mayar da ita ne ya karye. Duk waɗannan ukun ba su buƙatar a raba inji gida biyu.

Fedar kanta ma tana yaudarar mutane. Faɗuwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa ta har ta riƙa gogar murfin inji ko ƙarfen taka ƙafa, ta kasa kai iyakar tafiyarta, ko kuma notin da ke matse ta ya saki har ƙananan haƙoran da ke riƙe ta a bakin sanda su cinye, a taka ta ta juya ita kaɗai. Daga nan sai wayar kuloci. Littafin gyara na ƙananan babura da yawa yana ba da sakewar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kuloci kafin a ji ya fara ja. Idan sakewar ta wuce haka kuloci ba zai buɗe duka ba, giya ta yi tauri, idan kuma babu ita sam zai zauna a ɗan buɗe ya riƙa zamewa har faya-fayansa su ƙone. Waya da ta fara tsinkewa a cikin rigarta takan miƙe a hankali, a gyara ta yau gobe ta koma yadda take. Babura marasa hannun kuloci, irin tsarin da Honda ta fito da shi a Super Cub tun 1958, suna da sukurun saiti a jikin murfin dama, kuma shi ya kamata a fara dubawa kafin a zargi wani abu.

Batun baƙin mai ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci, domin a yawancin babura mai ɗaya ne yake wanke inji da kuloci da giya gaba ɗaya. Haƙoran giya suna niƙa shi, kuloci yana zuba masa ƙura, shi ya sa yake tsufa da wuri, kuma tsohon mai ko wanda ya yi ƙasa da ma'auni yana sa giya ta yi ƙarfi ta riƙa ƙara. Wani man mota kuma ana zuba masa sinadaran rage gogayya, waɗanda suke da amfani a mota amma suke sa kulocin babur zamewa. Saboda wannan matsala ne aka fito da ma'aunin JASO MA a Japan a 1998, daga baya aka ƙara MA2, kuma idan aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a jikin robar mai an san ya dace da kulocin da ke zaune cikin mai. Canjin mai shi ne magani mafi sauƙi a cikin duk abin da zan ambata, kuma yana da fa'ida ta biyu da ta fi ta farko: tsohon man da ya fito shaida ne a kan abin da ke faruwa a ciki.

A tare shi a cikin wani abu mai tsabta, a kai shi cikin haske, a zagaya maganaɗisu a ƙasansa. Laushin toka-toka mai kama da kwaɓi a jikin maganaɗisu cinyewa ce ta yau da kullum, ba abin tayar da hankali ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da ke manne wa maganaɗisu ƙarfe ne, daga giya ko boris yake fitowa. Wanda yake fari amma ba ya mannewa alminiyam ne, daga kwandon kuloci ko jikin inji. Mai launin rawaya tagulla ce, daga zoben da wasu faya-fayan giya suke juyawa a kansa. Baƙin gari mai warin ƙuna kuwa na kuloci ne. A ciro ragar tace mai a duba ta ita ma, domin manyan gutsattsari a nan suke maƙalewa, kuma injuna irin na CG125, wanda Honda ta fara ƙerawa a 1975, ba su da matacin takarda, raga ce da wani ƙoƙo mai juyawa da ke tara datti. Gutsure guda mai kusurwa, girman ƙwayar hatsi, ya isa hujja cewa wani haƙori ya ɓalle, kuma daga nan babu sauran ja-in-ja a kan ko za a buɗe inji.

Duba sarƙa da faya-fayanta ba ya ɗaukar lokaci. Babura da yawa na kan titi suna son sakewar milimita 20 zuwa 30 a tsakiyar sarƙa, kuma wadda aka ɗaure fiye da kima tana jan sandar giya ta biyu har ta kashe boris ɗinta, ta sa mai ya fara ɗiga a bayan ƙaramin faifai. Idan giya ta shiga, inji na aiki, amma babur ya ƙi motsi, a cire murfin a duba ko haƙoran cikin ƙaramin faifan ne suka share. Idan kuma ana jin bugu duk lokacin da aka saki totur ko aka murɗa, sau da yawa robobin da ke cikin cibiyar tayar baya ne suka mutu.

Ƙara ma tana nuna wurinta ga mai haƙurin saurare. Wadda ake ji a firi, ta ɓace da an matse kuloci, tana fitowa ne daga kwandon kuloci ko boris ɗin sanda ta farko. Wadda ake ji a giya ɗaya kaɗai ta haƙoran wannan giyar ce da abokiyarta. Wadda ke bin gudun babur a kowace giya, har ma idan an matse kuloci ana gangara, ta sanda ta biyu ce ko ta sarƙa.

Mataki na gaba shi ne cire murfin kuloci, wanda yake gefen dama a mafi yawan babura, kuma kuɗinsa bai wuce na gasket ɗaya ba. A nan ake auna kaurin faya-fayan kuloci da tsawon sifirin ɗinsa a gwada da adadin da littafin gyara ya bayar. Faya-fayan ƙarfe ana kwantar da su a kan gilashi a gwada ko siririn ma'auni zai shige ƙarƙashinsu, domin wanda ya karkace ba ya barin kuloci ya saki. Yatsun kwandon kuloci sukan yi tsagi-tsagi inda faya-fayai suke dukansu, kuma idan tsagin bai yi zurfi ba ana iya goge shi da magagari sau ɗaya a sami sauƙi na wani lokaci. A bayan kuloci, a injuna da yawa, za a ga ƙarshen gangar giya da wani ƙarfe mai siffar tauraro, da ɗan hannu mai ƙaramar taya da sifirin yake danna shi cikin lungunan tauraron. Wannan ɗan hannun shi ne yake tsayar da ganga daidai kan kowace giya. Idan sifirin ɗinsa ya yi laushi, ko notin tauraron ya saki, giya za ta riƙa fita daga wurare daban-daban ko ta faɗa firi tsakanin giya da giya, kuma mutum zai rantse akwatin ya mutu alhali ƙaramin abu ne. Ina ba wannan wuri muhimmanci sosai, domin nan ne iyaka tsakanin gyara mai sauƙi da gyara mai tsada.

Idan duk waɗannan lafiya suke, amma giya guda ɗaya tana fita duk lokacin da aka ba ta wuta, to ciwon a ciki yake. Nawa babur da giya ta biyu ya fara, kuma ita ce aka fi samu da wannan lahani. A baburan da firi yake tsakanin ta farko da ta biyu, ƙafa tana da tafiya mai tsawo kafin ta kai, kuma bambancin gudun faya-fayai ya fi yawa a wannan tsallaken, ga shi nan ne ake yawan gaggawa wajen tashi. Duk sa giyar da bai kai ƙarshe ba yana sa haƙoran gefe su kama da bakinsu kawai, su daddatse kusurwoyin juna. Da kusurwa ta zama kewayayya, ƙarfin inji sai ya riƙa tura faifan waje maimakon ya riƙe shi, faifan ya daki cokali, cokali ya yi zafi ya cinye ko ya lanƙwashe, lanƙwasasshen cokali kuma ba ya iya tura faifai har ƙarshe, sai cinyewar ta ƙara sauri. Fahimtar wannan zagaye ita ce take bayyana dalilin da ya sa canza abu ɗaya daga ciki ba ya warkar da komai.

Akwai jarabar a ce za a ci gaba da lallaɓawa ana tsallake giyar da ta lalace har kuɗi su samu, kuma na san halin da ke sa mutum yin wannan tunani. Idan man ya fito babu gutsattsari, ana iya lallaɓawa na ɗan lokaci a tafiyar sannu. Amma idan an ga gutsuren ƙarfe, ina roƙon mai karatu ya ajiye babur. Gutsure ɗaya da ya faɗa tsakanin haƙora yana iya ƙulle akwatin giya, tayar baya ta tsaya cak ana cikin gudu, kuma matse kuloci ba zai sake ta ba, domin kuloci yana tsakanin inji da giya ne, ba tsakanin giya da taya ba. Ƙananan ɓarɓashin kuma famfon mai yana kwashe su ya kai su sauran sassan inji, gyaran giya ya koma gyaran inji gaba ɗaya.

Hanyoyi uku ne a gaban wanda ya tabbata sai an buɗe: ya sayi sababbin sassan da suka lalace kaɗai, ko ya nemi cikakken jerin giya na hannu daga injin da aka kwance, ko ya sayi tsohon inji sukutum. A ra'ayina hanya ta biyu ta fi wa mai ƙaramin ƙarfi, muddin zai riƙe kayan a hannunsa ya duba kowane haƙori kafin ya biya. Tsohon inji a rufe yake, ba wanda ya san ko ciwon da ake gudu yana cikinsa. Kada a sayi komai sai an buɗe an gani, kuma a tafi da tsohon kayan tare da lambar inji wurin saye, a ƙirga haƙora, a auna kauri da faɗin rami. Babur mai suna ɗaya yakan canza kayan ciki daga shekara zuwa shekara, kuma masana'antu da yawa sun kwaikwayi injin CG, kamanninsu ɗaya a waje amma ba kowane faifai ne yake hawa sandar wani ba. Wanda bai amince da hannunsa ba yana iya rage ladan aiki ta hanyar sauke injin da kansa, ya wanke shi, ya kai wa ƙwararren makaniki don rabawa da haɗawa kawai, ya kuma nemi a nuna masa duk abin da aka cire.

Yawan aikin ya dogara ga yadda aka ƙera gidan inji. Yawancin masu silinda ɗaya suna rabuwa ne dama da hagu, wanda ke nufin sai an cire kan silinda da silindar kanta, saboda haka a sa gasket ɗinsu a lissafi tun farko. Manyan injunan Japan da yawa masu silinda fiye da ɗaya suna rabuwa sama da ƙasa, a kifa inji a ɗaga rabin ƙasa a tarar da giya ba tare da an taɓa fistin ba. Kayan aiki na musamman ba su da yawa, kuma aro ya fi saye: abin zare maganeto, abin riƙe kuloci, sukundireban da ake duka da guduma, filayar zoben kulle, ma'aunin kauri, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Kada a daki ƙarshen sandar inji da guduma don a cire maganeto, kada kuma a cusa sukundireba tsakanin rabi biyun gidan inji don a ɓanɓare su. Fuskar alminiyam da ta ji rauni za ta yi ta yoyon mai har abada, kuma gidan inji yana cikin abubuwa mafi tsada a babur. Idan rabi biyun sun ƙi rabuwa da ɗan bugun gudumar roba, kusan kullum akwai noti ɗaya da ya ɓuya ƙarƙashin datti.

Tsari wajen kwancewa ba ya cin kuɗi, amma rashinsa yana ci. Notunan gidan inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya fasa alminiyam, don haka a zana siffar murfin a kan kwali a soke kowanne a mazauninsa. A ɗauki hoto da waya kafin a cire kowane abu. Idan aka zo zare faya-fayai daga sanda, a jera su a kan waya ko igiya yadda suka fito, kowanne yana fuskantar inda yake fuskanta a da. A lura da siraran wasoshin da ke ƙarshen sanduna, domin sukan manne a jikin boris su faɗi ba a sani ba, kuma rashin guda ɗaya ya isa ya sa sanda ta riƙa wasa.

Dubawa tana son haske da natsuwa. Kusurwar haƙorin gefe mai lafiya tana da kaifi, ana jin ta a farce, wadda ta mutu kuwa ta zama santsi mai sheƙi. A duba bakin ramukan da suke shiga da irin wannan ido. A auna kaurin yatsun cokula, a nemi launin shuɗi ko baƙi da ke nuna sun sha zafi. A gangara sandar da cokula suke zamewa a kanta bisa gilashi, idan ta karkace za ta nuna. A bi hanyoyin ganga da yatsa, musamman kusurwoyin da suke juyawa, a duba manyan haƙora ko sun fara ramuka. Boris kuwa sai an wanke shi an ɗiga masa ɗan mai sannan a juya shi a hankali, duk wani kaushi ko tsayawa da aka ji yana nufin ya gama aiki.

A nan ne ake bambance tattali da ganganci. Faifan da haƙoran gefensa suka cinye, da maƙwabcin da yake shiga cikinsa, da cokalin da ke tura shi, tare ake canza su. Sabon faifai a kan tsohon rami mai kewayayyen baki zai cinye cikin ɗan lokaci, a sake biyan gasket da mai da ladan aiki, ga shi Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sauran faya-fayan da suka ci jarrabawa kuwa babu dalilin taɓa su, kuma wannan shi ne tattalin gaskiya. Ban yarda da yi wa haƙori ciko da walda ba, domin ƙarfin faifan giya a fatarsa ta waje yake, wadda aka gasa ta yi tauri, kuma zafin walda yana lalata ta ya bar wurin ko dai da laushi ko da saurin karyewa. Ban kuma yarda da miƙe lanƙwasasshen cokali ba. Abin da na amince da shi shi ne gyaran da ƙwararren mai injin sassaƙa ƙarfe yake yi idan cinyewar kaɗan ce, inda yake feƙe fuskar haƙoran da ɗan karkata zuwa ciki yadda ƙarfin inji zai riƙa jan faya-fayan suna haɗuwa. Sharaɗinsa shi ne a feƙe dukkan haƙoran daidai wa daida don su raba nauyi, kuma kada a zarce taurin fatar. Aikin injin feƙe ƙarfe na hannu ba ya cika wannan sharaɗi.

Boris wuri ne da ake samun rangwame ba tare da an rage inganci ba, domin yawancinsu girmansu na bai-ɗaya ne a duniya kuma lambarsu tana rubuce a jikinsu. Mai lamba 6203 raminsa milimita 17 ne, faɗinsa na waje 40, mai lamba 6204 kuma 20 da 47. Ana iya samun irinsa daga masu sayar da boris na masana'antu, amma a kula da haruffan da ke bin lambar, kamar C3 da ke nuna ƙarin sakewa a ciki, ko alamar murfi a gefe ɗaya, ko tsagin zobe a bayansa, a nemi mai irinsu sak, a kuma guji jabu. Wajen sakawa a ɗumama gidan inji zuwa kusan digiri 100 na ma'aunin Salsiyas bayan an wanke shi daga fetur da mai, a sanyaya boris a firji, zai zauna kusan da kansa. Idan ya buƙaci bugu, a daki zobensa na waje kawai. Zobban kulle da ke riƙe faya-fayai a kan sanda ba a maimaita su, domin buɗewa ɗaya tana rage musu ƙarfi, kuma wajen saka su gefensu mai kaifi ba ya fuskantar faifan da suke tarewa, baya yake juya masa. Robobin tare mai na sandar sarƙa da sandar feda su ma a sa sababbi. Waɗannan ƙananan kaya su ne mafi araha a duk aikin, kuma mutuwar zoben kulle ɗaya tana iya mayar da inji kan tebur.

Gasket ɗin tsakiya yana da wani aiki da ba a cika lura da shi ba. A injin da aka ƙera da gasket na takarda, kaurin takardar yana cikin lissafin sakewar sanduna, saboda haka wanda ya bar shi ya shafa gam kaɗai don rage kuɗi yana iya tarar da sanduna sun cije bayan ɗauri. A injin da aka ƙera don gam kuwa, shafa siririya ake yi, domin rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta toshe hanyoyin mai.

Wajen haɗawa, ana shafa wa komai mai, a zaunar da sanduna biyu tare a rabi ɗaya, sannan cokula da ganga, kowane cokali a mazauninsa, kuma da yawa suna da harafi ko lamba a jiki da ke nuna wurinsu. Inda zoben cikin faifai yake da ramin mai, a daidaita shi da ramin da ke jikin sanda. Tun kafin a rufe, a riƙa juya sanda da hannu ana juya ganga, a ga kowace giya ta shiga har ƙarshe. Bayan an rufe a ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da littafi ya faɗa, wanda ga ƙananan notuna masu kaurin milimita 6 yakan kasance wajen Nm 10 zuwa 12 a ma'aunin sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Daga nan a sake juya sanduna a tabbata suna tafiya sakayau, a sake bin giyoyin duka kafin a mayar da silinda, domin kuskuren da aka gano a wannan gaɓa kwance notuna kaɗan ne gyaransa. Idan an sa sababbin faya-fayan kuloci, a jiƙa su cikin baƙin mai kafin a jera su.

Tayarwar farko a bar inji ya ɗumama a tsaye ana duba yoyo, sannan a bi giyoyin a kan ƙafar tsakiya, sannan a fita hanyar da babu cunkoso. A fara a hankali, a ƙara nauyi sannu a sannu, sai a ƙarshe a gwada giyar da ta yi ciwo a kan hawa da totur a buɗe, a saki a sake murɗawa, domin a nan ne take fita a da. Bayan tafiya ta ɗan gajeren zango a zubar da man a sake bin sa da maganaɗisu, a wanke raga, domin ragowar ɓarɓashin tsohuwar ɓarna yakan fito a wannan canjin. A sake duba sakewar wayar kuloci da ta sarƙa, tunda sababbin faya-fayai sukan zauna su canza saiti. A tuƙi kuma a matse kuloci har ƙarshe, a ɗaga feda da cikakkiyar niyya daga ta farko zuwa ta biyu, a sauke ƙafa daga kanta da zarar giya ta shiga, domin ƙafar da ke kwance a kan feda tana danna cokula a jikin faya-fayai masu juyawa har su cinye.